Dawowar Ji da Zugin Jijiya Bayan Raunin Laka: Yadda Za a Gane Su, a Kuma Sami Sauƙi

A mako na bakwai bayan hatsarin babur ɗin da ya karya wa ƙanina ƙashin baya, ya tashe ni gab da kiran sallar asuba yana cewa, "Yaya, duba mini ƙafar nan, wuta take ci." Na yaye mayafin da sauri na kama tafin ƙafarsa ta dama, sai na ji ta da sanyi, babu kumburi, babu ƙuna, shi kuwa bai ma san hannuna yana kanta ba. Kafin hantsi labari ya zaga dangi cewa ƙafa ta fara dawowa. Aka yi ta shigowa ana barka, mahaifiyarmu ta raba sadakar ƙosai, shi kuma yana kwance yana cije leɓe, ya rasa bakin da zai gaya wa masu murna cewa abin da suke yi wa barka shi ne ya hana shi runtsawa. Yawancin gidajen da suka yi jinyar mai raunin laka sun san irin wannan safiya, kuma yadda aka fassara ta yana da tasiri a kan watannin da za su biyo baya.

Laka ita ce igiyar jijiyoyin da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa tsakiyar ƙashin baya har zuwa saman kwankwaso, kuma jijiyoyi 31 ne suke fita daga kowane gefenta, hagu da dama, kusan kowace da yankin fatar da take kawo labarinsa. Saboda haka ne likita yake iya faɗin inda rauni yake ta hanyar duba inda ji ya tsaya. Ana yi wa matakan wuya laƙabi da harafin C, na ƙirji da T, na kwankwaso da L, na ƙasan kwankwaso kuma da S. Babban yatsan hannu yana ƙarƙashin C6, kan nono T4, cibiya T10. Ya kamata duk mai jinya ya san matakin raunin ɗan'uwansa kamar yadda ya san sunansa, domin abubuwa da dama da za su zo a gaba sun rataya ne a kansa.

Bayan rauni, abubuwa biyu mabambanta suna iya faruwa, kuma a jikin mara lafiya suna kama da juna matuƙa. Na farko shi ne, wasu zaruruwan jijiya waɗanda ba su tsinke ba, kumburi da taruwar jini ne kawai suka danne su, sukan farfaɗo su ci gaba da kai saƙo idan kumburin ya saɓe. Wannan shi ne dawowar ji na haƙiƙa. Na biyu kuma, ƙwayoyin jijiyar da ke bakin raunin, da waɗanda ke cikin ƙwaƙwalwa da suka daina samun labari daga ƙasa, sukan fara aika saƙo da kansu ba tare da wani abu ya taɓa jiki ba, kamar wayar lantarkin da ta tsinke tana tartsatsi. Ƙwaƙwalwa ta saba cewa duk saƙon da ya biyo ta wannan hanya daga ƙafa yake, don haka sai ta ce ƙafa ce ke ƙuna. Wannan shi ne zugin jijiya, kuma kusan rabin masu raunin laka suna fama da shi. Ciwo ne na gaske, ba tunani ba ne, ba kuma raki ba ne, ko da yake wurin da ake jin sa ba ya jin taɓawa.

Yadda za a gane ko ji ne yake dawowa

Likitan da ya duba ƙanina a ranar bai yi doguwar magana ba. Ya ɗauko ɗan ƙullin auduga da fil, ya ce masa ya rufe ido, ya fara daga fuska don ya san yadda taɓawar take a wuri mai lafiya, sannan ya riƙa sauka mataki-mataki. Wannan shi ne gwajin da ƙungiyar masana raunin laka ta Amurka ta tsara, wanda ake kira ASIA, inda ake duba wurare 28 a kowane gefen jiki, a gwada ƙarfin tsokoki, sannan a ba raunin daraja daga A zuwa E. Darajar A tana nufin babu ji ko motsi a matakan can ƙasa na laka, wato kewayen dubura, E kuma tana nufin komai ya koma daidai. Dalilin da ya sa likita yake duba dubura ke nan, kuma bai kamata kunya ta sa a hana shi ba, domin samun ji a wurin yana nuna cewa akwai zaruruwan da suka tsallake raunin. Haka kuma wanda yake iya bambanta tsinin fil da gindinsa a ƙasan rauni ya fi wanda yake jin auduga kawai damar samun motsi daga baya.

A gida ana iya yin ƙaramin gwaji makamancin wannan, amma da auduga kaɗai. Kada a yi amfani da allura ko fil a gida, saboda ɗan ƙaramin huji a fatar da ba ta ji yana iya zama gyambo. Mara lafiya ya rufe ido, mai jinya ya taɓa wurin a hankali ba tare da ya yi magana ba, wani lokaci ma ya yi shiru bai taɓa ba, shi kuma mara lafiya ya ce "yanzu" duk sa'ad da ya ji, ya kuma faɗi wurin. Idan amsar tana dacewa da taɓawar sau da yawa, kuma aka maimaita bayan kwanaki aka sami haka, to akwai ji. Idan kuwa ƙuna ko minjirya tana zuwa ta tafi ba tare da la'akari da ko an taɓa ba, to wannan tartsatsin jijiya ne. Sau ɗaya a mako ya wadatar. Mu da farko kullum muke yi, safe da yamma, har ya zama ƙanina yana jin tsoron ganin auduga a hannuna, domin kowane gwaji ya zame masa jarrabawar da yake ganin ya faɗi.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa dangi a fili ita ce, zugi shi kaɗai ba ya nuna cewa ƙafa za ta tashi, kuma ba ya nuna cewa ba za ta tashi ba. Akwai waɗanda minjirya da suka ne suka riga dawowar jinsu, akwai kuma waɗanda lakarsu ta yanke gaba ɗaya amma suke jin ƙuna shekara da shekaru. Haka ma fizgar ƙafa da ƙandarewarta, waɗanda sukan bayyana bayan kwanaki ko makonni idan sumar da laka ta yi a farkon rauni ta wuce: laka ce take amsawa da kanta, ba umarnin ƙwaƙwalwa ba ne, sai fa idan mutum yana iya motsa gaɓar a lokacin da ya ga dama, ya kuma tsayar da ita. Mafi yawan farfaɗowa tana faruwa ne a watanni shida na farko, daga nan ta riƙa raguwa har zuwa wajen shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, ko da yake wasu sukan ga ƙananan canje-canje bayan haka.

Fara da duba jiki kafin neman magani

Wannan ne darasin da ya fi ɗaukar mu lokaci kafin mu koya, kuma shi na fi son mai karatu ya riƙe. Jikin da ba ya ji ba shi da hanyar faɗa maka cewa mafitsara ta cika ko fata ta fara lalacewa, sai ya faɗa ta hanyar ƙaruwar zugi ko yawan fizga. Don haka duk ranar da ciwon ya tashi fiye da yadda aka saba, kada hannu ya fara zuwa kan kwalin magani. A fara da robar fitsari: shin ta lanƙwashe, ko ta toshe, ko jakar ta cika? A dubi fitsarin kansa, ko ya yi duhu, ko ya gurɓace, ko yana wari fiye da kullum, a kuma taɓa jiki a ji ko akwai zazzaɓi, domin ƙwayoyin cuta a mafitsara suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da zugin jijiya. Sai a lissafa kwana nawa rabonsa da bayan gida. Daga nan a juya shi a duba fata tun daga kafaɗa har diddige, musamman ƙashin ɗuwawu, da ƙasan kwankwaso, da gefen cinya, da idon sawu, da tsakanin yatsu, a kuma duba ko farce ya shige cikin nama.

A fatarmu baƙa, gyambon kwanciya ba ya farawa da ja kamar yadda ake nunawa a hotunan Turawa. Yakan fara ne da wuri ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, ko ya yi tauri, ko ya fi sauran jiki ɗumi idan aka ɗora bayan hannu. A duba da hasken rana ko tocila mai ƙarfi. Idan an ɗauke nauyi daga wurin har minti 30 bai koma daidai ba, to kada a sake kwantar da shi ko zaunar da shi a kansa har sai ya warware, kuma a nuna wa ma'aikacin jinya. Juya mara lafiya duk bayan awa biyu a gado, da sauke nauyi daga ɗuwawu duk bayan minti 15 zuwa 30 idan yana kan keke, ta hanyar sunkuyawa gaba ko karkata gefe na ɗan lokaci, suna kare fata, kuma sau da yawa suna rage zugin da dogon zama yake jawowa. Wata rana da ƙanina ya kwana yana kuka da ƙafa, abin da muka tarar shi ne murfin kwalbar ruwa da ya faɗa cikin shimfiɗa ya kwana a ƙarƙashin cinyarsa.

Alamomin da ba a jira da su

Wanda rauninsa yake a matakin T6 ko sama da haka, wato daga wajen ƙasan ƙirji zuwa wuya, yana cikin haɗarin wani hawan jini na farat ɗaya da likitoci suke kira otonomik disrifileksiya. Yakan zo da sarawar kai mai tsanani, da gumi ko zafin fuska da wuya, da toshewar hanci, wani lokaci da raguwar bugun zuciya ko dishi-dishin gani. Abin da ya fi jawo shi shi ne cikar mafitsara, sai taurin bayan gida, sai gyambo ko matsattsun tufafi. Masu irin wannan rauni awon jininsu na yau da kullum ƙasa yake, sau da yawa lambar sama, wato babbar cikin lambobi biyu na awon jini, tana tsakanin 90 da 110, saboda haka ƙaruwar maki 20 zuwa 40 a kan abin da aka saba alama ce ta haɗari ko da lambar ba ta yi wa wani girma ba. Abin yi shi ne a zaunar da shi tsaye nan take, a sauke ƙafafunsa ƙasa, kada a kwantar da shi, a kwance duk abin da ya matse shi, a warware robar fitsari ko a zubar da fitsarin, a riƙa awon jini bayan kowane 'yan mintoci. Idan ba a gano dalilin ba, ko lambar sama ta tsaya a 150 ko fiye, sai asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, domin yana iya kaiwa ga farfaɗiya ko zubar jini a ƙwaƙwalwa. Yana da kyau a roƙi likita ya rubuta sunan wannan matsala a ƙaramar takarda da mara lafiya zai riƙa yawo da ita, saboda ba kowane ɗakin gaggawa ne ya saba ganin ta ba.

Haka nan a garzaya asibiti idan ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi ɗumi fiye da 'yar'uwarta, musamman a watanni uku na farko, domin jini ne yake iya daskarewa a jijiyar jini, kuma kada a murza irin wannan ƙafa. Idan kuma iyakar ji ta fara hawa sama maimakon sauka, ko hannun da yake da ƙarfi ya fara rauni, ko sabon ciwo ya ɓullo a saman matakin rauni bayan watanni ko shekaru, ana buƙatar hoton MRI, saboda ruwa yana iya taruwa a cikin laka ya riƙa cin ta daga ciki. Wannan aikin likitocin ƙashi da na tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ne, irin waɗanda ake samu a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Maganar magani

Likita ba ya ganin zugi a hoto, da bakin mara lafiya yake aiki, don haka kalmomin da aka zaɓa suna da muhimmanci. "Ƙafata tana ciwo" ba ta isa ba. A ce ƙuna ce kamar an zuba barkono, ko suka ce kamar allura, ko fizga ce kamar jan lantarki, ko ɗaurewa ce kamar an ja ɗamara a ciki, ko sanyi ne kamar ƙanƙara. A faɗi wurin, da lokacin da ya fi tashi, da abin da ke tayar da shi, a kuma ba shi maki daga 0 zuwa 10. Littafin makaranta mai shafi 40 ya ishi wannan aiki: layi biyu a rana, makin safe da na dare, da bayan gida, da barci, da maganin da aka sha. Wannan bayani ne zai sa likita ya raba zugin jijiya da ciwon tsoka da gaɓa, kamar ciwon kafaɗar da turin keke yake kawowa, wanda yake ƙaruwa da motsi ya lafa da hutu, kuma maganinsa daban ne.

Magungunan ciwo da aka saba saya a kemis, irin su paracetamol da ibuprofen da diclofenac, suna iya taimakon ciwon tsoka, amma ba su cika yi wa zugin jijiya komai ba, kuma yawan shan biyun ƙarshe yana ɓata ciki da ƙoda, alhali ƙodar mai raunin laka tana buƙatar kariya ta musamman. Magungunan da aka fi farawa da su su ne pregabalin da gabapentin da amitriptyline. Su ukun ne jagorar da masana a Kanada suka fitar a 2016 ta sa a sahun farko, kuma tun a 2012 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da pregabalin musamman don zugin raunin laka. Dukkansu ana farawa ne da kaɗan a riƙa ƙarawa sannu a hankali, kuma sai an yi makonni, wani lokaci har wata biyu, kafin a yanke hukuncin ko magani ya yi aiki. Pregabalin da gabapentin suna kawo barci da jiri da kumburin ƙafa, kuma likita yana rage adadinsu ga mai matsalar ƙoda. Amitriptyline yana busar da baki, yana ƙara taurin bayan gida, yana iya riƙe fitsari, kuma ba a ba mai wasu cututtukan zuciya. Ba a daina ko ɗaya daga cikinsu farat ɗaya, haka ma baclofen da ake bayarwa don ƙandarewar tsoka, wanda yanke shi kwatsam yana iya jawo farfaɗiya. Saboda haka a sayi na gaba tun saura na kwanaki, kuma idan kuɗi ne suka yi wuya a faɗa wa likita ƙarara, domin farashin waɗannan magunguna ya bambanta sosai.

Dole ne a san abin da ake nema daga magani, don kada a yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan. Da wuya magani ya kashe zugin jijiya baki ɗaya. Idan ya sauke shi da kashi ɗaya cikin uku, ya bar mutum ya yi barci ya iya zama a keke ya yi motsa jiki, likitoci suna ɗaukar wannan a matsayin nasara, kuma a ganina gaskiyarsu ce. Wanda bai san haka ba shi ne yake faɗawa hannun masu ba da shawarar tiramol. Likita yana iya rubuta shi na ɗan lokaci idan na farko ba su yi ba, amma mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai aka amince da shi a Najeriya, kuma irin mai 225 da ake sayarwa a ɓoye hanya ce ta kamu da jaraba. Haɗa shi da amitriptyline yana ƙara haɗarin farfaɗiya, haɗa shi da pregabalin kuma yana iya danne numfashi, musamman ga wanda rauninsa yake a wuya. Mai son yin azumi ya zauna da likitansa tun kafin watan ya kama, saboda lokutan shan magani da kuma ƙarancin ruwa, wanda yake tayar da ciwon mafitsara.

Fatar da taɓawa take ƙona ta

A daidai iyakar da ji ya tsaya, sau da yawa akan sami wani zobe na fata mai faɗin tafin hannu wanda ko shafar riga yake ji kamar reza. Na ƙanina a cibiya yake, kuma shadda mai sitaci da iskar fanka su ne manyan abokan gabarsa. Mun koma masa da rigunan auduga da suka sha wanki, muka juya fanka tana kallon bango. Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne, dannawa da tafin hannu gaba ɗaya, a tsaye ba tare da shafawa ba, ta fi masa sauƙi a kan taɓawa sama-sama, har ya zama idan za a juya shi sai a kama shi da ƙarfi daidai gwargwado, a kuma gaya masa kafin hannu ya sauka.

Likitan gashin ƙashi yana iya koya wa mara lafiya yadda zai saba wa irin wannan fata da taɓawa. Ana farawa da abu mafi laushi, a fara daga gefen wurin inda ba ya ciwo, a matso ciki a hankali na 'yan mintoci, sau uku ko huɗu a rana. Idan fata ta karɓi wannan bayan kwanaki, sai a koma ga tsohuwar atamfa, daga nan tawul. Ya fi kyau mara lafiya ya yi da hannunsa idan yana iyawa, yana kallon wurin. Idan ciwon ya tashi ya daɗe bayan an gama, an yi sauri ke nan, sai a koma baya mataki ɗaya. Ga wanda jin hannunsa yake dawowa, akan zuba gero ko shinkafa a kwano a binne makulli da tsabar kuɗi da ƙwayar dabino, ya lalubo yana kallo, sannan ya rufe ido ya faɗi abin da ya kama. Wasu kuma suna samun sauƙi da ƙaramar na'urar TENS mai aika ɗan lantarki ta fata, wadda likitan ne zai nuna inda ake manna ta. Motsa gaɓoɓi kullum da miƙar da tsokoki suna rage ƙandarewa, ita kuwa ƙandarewa tana ciyar da zugi.

Sanyi yana tayar wa mutane da yawa ciwon, kuma a nan ne haɗarin da na fi jin tsoro yake. Da hunturu ya kama, tausayi yakan sa a matso da kaskon gawayi kusa da ƙafa, ko a yi gashi da tawul da ruwan zafi, ko a ɗora gorar ruwan zafi a cikin bargo. Fatar da ba ta ji tana iya dahuwa mai ita yana hira, kuma wadda jinta ya dawo rabi ita ma ba abin dogara ba ce, domin jin taɓawa da jin zafi hanyoyinsu daban ne a cikin laka, ɗaya yana iya dawowa ya bar ɗaya. A ɗumama ɗaki, a sa safa mai sakin baki da bargo, amma kada wani abu mai zafi ya taɓa fata. Ruwan wanka da na alwala, mai lafiya ne zai gwada shi da gwiwar hannunsa. A kula da salansar babur, da ƙarfen keken da ya sha rana, da kwanon abinci mai zafi a kan cinya. Da wannan dalili ne kuma nake roƙon dangi su haƙura da tsaga da ƙaho a ƙasan matakin rauni, da kuma kai mara lafiya wurin mai ɗori don a ja ko a danna bayan. Jijiyar da ke tartsatsin tana can cikin laka, babu abin da aska za ta tarar a ƙafa, sai dai ta bar rauni a fatar da ba ta saurin warkewa.

Dare da zuciya

Zugin jijiya ya fi ƙarfi da dare, lokacin da gida ya yi tsit, babu abin da ke ɗauke hankali. Rashin barci yana ƙara ciwon gobe, ciwon gobe kuma ya hana barcin jibi. Abin da ya taimaka mana shi ne tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, da rage barcin rana, da barin shayi mai ƙarfi da goro bayan la'asar, da kammala juyi da zubar da fitsari kafin a kashe fitila. Taba sigari tana rage jinin da ke isa fata, kuma masu shan ta sukan fi kukan ciwo, don haka barin ta yana cikin magani. Idan zugi ya taso, jan numfashi a hankali ta hanci da sakin sa a tsawace, tare da sauraron karatu ko rediyo, yana sassauta jiki har guguwar ta wuce. Ƙanina yakan ɗora hannu a cibiyarsa ya karanta addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa Usman bin Abil As ta ɗora hannu a wurin ciwo, kuma samun tabbaci daga malami cewa sallarsa a zaune ko a kishingiɗe cikakkiya ce ya sauke masa wani nauyi da bai taɓa faɗa mana ba.

Masu zuwa dubiya su ma suna da rawar takawa. "Ai ka ji sauƙi, tunda har kana jin zafi" magana ce ta fatan alheri, amma tana rufe wa mara lafiya baki. Ya fi amfani a tambaye shi yadda ya kwana, a saurari amsar, a fitar da shi ƙofar gida ya zauna cikin abokansa, a bar masa wani aiki da yake nasa, ko da lissafin shago ne ko karatun yara. Idan kuwa ya daina cin abinci, ya daina magana, ya ƙi motsa jiki na makonni, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta da zame wa mutane nauyi, kada a tsaya ga yi masa faɗa ko wa'azi kawai. A ɗauke magunguna daga inda hannunsa zai kai, musamman amitriptyline wanda yawansa yake kisa, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma sanar da likitansa a ranar. Ciwon damuwa yana yawan biyo raunin laka, yana ƙara zafin zugi, kuma ana maganinsa da tattaunawa da ƙwararru da kuma magani.

Ranar komawa asibiti a tafi da littafin nan na maki, da dukkan kwalayen magungunan da ake sha har da na gargajiya, da tsofaffin hotuna, a kuma roƙi likita ya maimaita gwajin auduga da fil ya rubuta sakamakon da kwanan wata, domin a kwatanta da na baya. Da muka koma a wata na tara, iyakar jin ƙanina ta sauko yatsu huɗu ƙasa da cibiya, kuma yana gane auduga a gaban cinyarsa ta hagu. Ƙafar daman da aka yi wa barka har yau ba ta jin taɓawa, ƙunarta kuma tana nan, sai dai ta sauko daga maki 8 zuwa 4 ko 5 a yawancin darare, kuma idan ta haura haka, robar fitsari muke fara dubawa.